Sayi Tsintsiya Kafin Ka Sayi Kaza

Jama'a, zancenmu na wannan mako a kan akurki ne. Na san akwai wanda zai taɓe baki ya ce, ga maganar taki, ga ta iri, ga tsadar hatsi, sai a cika mana fili da ɗakin kaji? To, a yi mini haƙuri a ji dalili.

Kwanan baya na sauka Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, a gidan wani abokina akawu. Da kaka ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo kaji 12 da zakara guda, wai ya fara kiwo, don uwargida ta riƙa samun na cefane. Sa'ad da na je saura 4, su ma duk sun yi sanyi, fikafikai a sake. Ya jawo ni bakin taga ya nuna mini magungunan da ya saya, na kwalba da na ƙunshi, ja da fari da rawaya. Ya ce duk ya gwada, ba wanda ya yi aiki.

Na ce ya kai ni in ga inda su ke kwana. Da na tsuguna a bakin akurkin, wani wari ya buge ni, har idona ya kawo ruwa. Kashi ya taru ya yi tauri kamar daɓe, ƙarƙashinsa kuwa jagab. Na sa kara na ɓamɓare wani ɓawo a jikin bango, sai ga ƙwari suna ta guje-guje. Na ce masa, "Malam, yaushe rabon a share nan?" Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ashe akurki ma ana share shi?"

Ban yi masa dariya ba, don ba shi kaɗai ba ne. Ra'ayina ke nan, kuma shi na ke so in tsaya a kai yau: yawancin kajin da ke mutuwa a hannun sabon mai kiwo ba rashin magani ke kashe su ba, wurin kwanansu ke kashe su. Wanda bai shirya share akurki ba bai shirya kiwon kaji ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

KAZA BA ABIN RAINAWA BA CE

Mu maza mun saba ɗaukar kaji abin mata da yara. Amma a duba. In yaro ya kwana da zazzaɓi, me a ke kamawa a kai kasuwa? In baƙo ya sauka, me a ke yankawa? In an ce a kawo kuɗin littafi a makaranta fa? Kaza ita ce asusun talaka, wanda a ke fasawa ba tare da an nemi sa hannun kowa ba.

A ƙasar Jibiya kuwa maganar ta fi haka nauyi. Kowa ya san abin da ɓarayin daji suka yi wa garkunan mutane a shekarun nan. A 2021 har sai da gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwar Jibiya da waɗansu kasuwanni saboda sha'anin tsaro. Gidaje da yawa da a da ke da shanun huɗa da tumaki, yau abin da ya rage musu mai rai shi ne 'yan kajin nan da ke tsakar gida. To, wanda dukiyarsa ta koma akurki, ai ya kamata ya san halin da akurkin ke ciki. Mutane kan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In akurkin irin na abokina ne, lalle mai karin maganan nan bai yi ƙarya ba.

ABIN DA ƘAZANTA KE HAIFARWA

Abokin gaba na fari shi ne damshi. Kashin kaza, in an raba shi huɗu, wajen uku duk ruwa ne. Kaji goma in sun kwana a wuri ɗaya, kowace safiya sun bar jiƙa a ƙasa. In ba abin da zai tsotse ta, ba kuma iskar da za ta busar da ita, sai ta yi ta taruwa. Daga nan masifu huɗu ke fitowa.

Na ɗaya, warin nan mai yaji. Ba wari ba ne kawai, wata iska ce da ke tashi in kashi ya jiƙe ya ruɓe, masana na kiranta amoniya. Tana cin idon kaza, tana ƙona hanyar numfashinta, sai ta zama kowace mura ta zo ta sami ƙofa a buɗe. Kai da ka leƙa na ɗan lokaci idonka ya yi yaji, ina ga wadda ta kwana da hancinta taƙi guda daga ƙasa?

Na biyu, kashin jini. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani su ke zama a hanjin kaza, ƙwansu na fita tare da kashi. Sa'ad da ya fito ba ya iya kama kowa. Sai ya sami ɗumi da damshi na kwana ɗaya ko biyu sa'an nan ya nuna, in wata kaza ta tsince shi ya kama ta. Ka ga ke nan wanda ke kwashe kashi da wuri, ya kuma bar wurin a bushe, ya yanke wa ciwon hanya tun bai tashi ba. 'Yan tsaki ya fi yi wa ɓarna, kuma da damina ya fi yawa.

Na uku, ƙwari masu shan jini, watau ƙuma da kaskar kaji. Waɗannan ba a jikin kaza su ke wuni ba. Da rana suna ɓoye cikin tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon itace, da dare su fito su sha jini su koma. Shi ya sa mutum zai kama kazarsa da rana ya duba bai ga kome ba, amma kullum tana ramewa, tukkunta ya koɗe, ta daina ƙwai. Mai kwanci kuwa har ta kan gudu ta bar ƙwai ya huce. Kaskar kaji na iya zama cikin tsaga fiye da shekara ba ta ci kome ba, tana jiran sababbin kaji. Gaskiyar masu iya magana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, fumfuna. Shimfiɗa ko tsaba in ta jiƙe ta yi fumfuna, ƙurarta na shiga huhun 'yan tsaki, ka gan su suna buɗe baki suna haki. Wata fumfunar ma dafi ta ke bari a cikin abinci. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce mai fumfuna da aka kawo daga Brazil aka haɗa musu a abinci. Mu da gyaɗa ke ko'ina a gidajenmu, ya kamata mu riƙe wannan.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Laifin farko ba na mai shara ba ne, na magini ne. Akurkinmu na gargajiya a kan yi masa 'yar ƙofa wadda hannun yaro kaɗai ke shiga, don tsoron muzuru da tunku da maciji. Tsoron yana da dalili. Amma akurkin da tsintsiya ba ta shiga, kabari aka gina wa kaji. A yi masa ƙofa babba mai marfi mai ƙarfi, ko a yi rufin da a ke iya ɗagawa, yadda rana za ta shiga har ƙurya.

A gina shi a tudu, ba inda ruwan indararo ke zuba ba. A ɗaga ƙasansa kamar taƙi guda bisa tsakar gida, a daɓe sosai, in da hali a yi siminti. A yaɓe bango sumul ciki da waje. A bar kafofin iska can sama kusa da rufi, a rufe su da waya mai ƙananan ido. Da hunturu a toshe ɓangaren da iska ke bugowa, watau gabas da arewa, amma kada a toshe duka. Kaza babba ta fi jimirin ɗari bisa ga jimirin wari.

Kada a cusa su. Akurki mai ƙafa 4 tsawo da ƙafa 4 faɗi ya ishi kajin gida 8 kwana, in da rana suna fita kiwo. In kulle su za a yi wuni, sai a ninka filin. A gitta musu sanda mai santsi kamar kamu ɗaya daga ƙasa, kowace kaza ta sami taƙi guda. Kaza tsuntsuwa ce, a bisa ta ke son kwana, kuma wadda ta kwana a kan sanda ba ta kwana cikin kashinta ba. A fere ɓawon sandar tukuna, don nan ƙuma ke ɓuya. Agwagi kuwa a yi musu nasu wuri dabam, don su ba su rabuwa da jiƙa wuri.

ABIN DA ZA A SHIMFIƊA

Shimfiɗa aikinta uku: ta tsotse ruwa, ta raba ƙafar kaza da kashi, ta kuma tsare sanyin ƙasa. Ba sai an je birni an sayo ba, duk muna da ita.

Ɓuntun shinkafa, a ganina, shi ne gaba. Ba ya dunƙulewa da wuri, yana bushewa da sauri, kuma a wurin masu injin casa a kan same shi da araha. Ƙaiƙayin gero ko na dawa shi ma yana yi, ga shi a kowane gida bayan sussuka, sai dai a sheƙe shi a rage ƙura. Ɓawon gyaɗa yana da kyau in an ɗan daddaka shi, amma fa a shanya shi ya bushe ƙayau, a kuma sansana. In ya yi baƙi-baƙi ko kore-kore, ko yana warin ruma, a kai shi juji. Abin da ke faɗowa daga katako in kafinta na goge shi, mai faɗi-faɗin nan, yana da kyau ƙwarai. Amma garin katako mai laushi da ke fita daga bakin zarto kada a shimfiɗa wa 'yan tsaki, don su kan ci shi a zaton dusa ce, ya cushe musu ciki.

Yashi kuwa, ƙasar Jibiya ba ta rasa shi ba. Da bazara ba abin da ya fi shi, yana da sanyi, kuma da safe sai a tankaɗe kashin a bar yashin. A ɗebo mai tsabta, a baza a rana wuni guda kafin a zuba. Amma da hunturu yashi kaɗai ya yi wa 'yan tsaki sanyi, sai a ɗora ɓuntu ko ƙaiƙayi a kai. Abin da ba a shimfiɗawa shi ne leda, da tsohon buhu, da ɗanyar ciyawa. Leda da buhu ba su shan ruwa, zaren buhu kuma na naɗe ƙafa. Ɗanyar ciyawa ruɓewa ta ke yi.

Kaurin shimfiɗa ya kai yatsu huɗu a jere, watau kamar inci 3. Ga yadda a ke gane lafiyarta: ka damƙi cikin hannu ka matse, sa'an nan ka buɗe. In ta warwatse, lafiya lau. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, a kwashe. Wurin da ya fi jiƙewa shi ne gindin kaskon ruwa, saboda haka a ɗora kaskon bisa bulo, ko ma a bar shi waje a inuwa.

Sai maganar toka. Iyayenmu mata na zuba ta a akurki tun kaka da kakanni, kuma tana da amfani, amma a san inda a ke sa ta. Toka bisa jiƙaƙƙen kashi ƙara tayar da warin nan mai yaji ta ke yi, ta kuma rage wa taki ƙarfi. Wurinta shi ne wurin birgima. A sami wani lungu da ruwa ba ya taɓawa, a haɗa toka mai sanyi da yashi mai laushi, a bar kaji su yi ta wanka a ciki. Da haka su ke kakkaɓe ƙwarƙwatar jikinsu. A wurin kwanci kuma a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi, waɗansu na haɗawa da busasshen ganyen bedi. Da zarar an ƙyanƙyashe, watau bayan kwana 21 ga ƙwan kaza, a kwashe ciyawar nan duka a ƙone.

YADDA A KE SHARA

Aikin iri uku ne: na kullum, na mako, da na babban gyara.

Kowace safiya in an buɗe wa kaji, a bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa. A kwashe kashin da ya taru ƙarƙashin sanda, don nan mafi yawansa ke faɗuwa. A wanke kaskon ruwa a zuba sabo. Wannan bai kai lokacin da a ke ɗauka a sha koko ba.

Kowane mako a motsa shimfiɗa da fartanya, a cire inda ya dunƙule, a ƙara sabuwa. A zaro sanda a duba ƙarshenta inda ta shiga bango. In an ga ɗigo-ɗigo ja ko toka-toka, ƙuma ta sauka.

Babban gyara kuwa a yi shi aƙalla sau uku a shekara: kafin ruwa ya sauka, da bayan marka, da kuma farkon hunturu. Haka nan duk lokacin da ciwo ya ratsa, ko za a kawo sababbin kaji. A zaɓi ranar da rana ta buɗe, a fara da hantsi. A fitar da kaji, da kasake, da sanduna. Mai aikin ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ya ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, gama ƙurar kashin kaji ba ta da kyau ga ƙirjin mutum. A faro daga sama, a share yanar gizo-gizo da bango, sa'an nan a kwashe shimfiɗa duka. A kankare ƙasa har sai an ga daɓe.

Bayan wannan a wanke da ruwa da sabulu. A nan mutane da yawa ke kuskure, su sayo Izal ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta su kwarara bisa kashi, su ce sun gama. Maganin nan ba ya ratsa dauɗa. Sabulu tukuna, sa'an nan magani, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalba. Bilic kuwa kada a kuskura a zuba shi bisa kashi, don haɗuwarsu na tayar da iska mai cutarwa. In akurkin na laka ne wanda ba ya son ruwa, a kan cusa ɗan kara a ciki a kunna, wuta ta lashe tsagogi. Dabara ce mai kyau, amma ba kusa da danga ko rumbu ba, ba kuma ranar iska ba, kuma da bokitin ruwa a kusa.

Sai a liƙe kowace tsaga da laka, a shafe bango da farar ƙasa, a bar shi a buɗe rana ta gasa shi. Rana magani ce da ba a saye. Sai ya bushe sarai za a zuba sabuwar shimfiɗa, a mai da kaji da magariba. In an ga ƙuma, a sake bin tsagogin bayan kwana 7, don ƙwanta da ya tsira ya ƙyanƙyashe ke nan. A ƙarshe mai aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Kada kuma a bar kaji su kwana ɗaki ɗaya da yara.

MU NA BAKIN IYAKA

Abin da na faɗa ya shafi kowa, amma mutanen Daddara da kewaye suna da ƙarin dalili. Hanyar da ta ratsa garin ita ce ta bi ta Magama ta shiga Nijar, ta Ɗan Isa har Maraɗi. Ran Lahadi kasuwar Jibiya na tara kaji da zabi daga ƙauyuka masu yawa, na wannan ƙetare da na wancan, a cusa su kwando ɗaya su wuni suna shaƙar numfashin juna. Ciwo kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kafin watan ya fita an tabbatar da ita a Magariya ta Nijar. A Janairun 2015 ta sake ɓullowa a Kano da Legas.

Ga kuma annobar da ta fi kowace share mana kaji, wadda ke zuwa da hunturu, kaza ta yi ta zawo kore, wuya ya karkace, gida ya wayi gari ba ko ɗaya. Likitoci na kiranta Nukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a 1926. Tana bin kashi da majina, tana kuma bin kwando da takalmi da tayar babur.

Saboda haka kazar da aka sayo, ko aka kawo kyauta, ko aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, kada ta shiga akurki sai ta yi kwana 14 a keɓe, da kaskonta dabam. 'Yan'uwanmu fatake masu sayen kaji, ku ma da ku na ke. Kwandon da ya je kasuwa a kankare shi a wanke, a shanya a rana, kada a ajiye shi kusa da kajin gida. Kazar da ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, ko a ƙone, kada a jefa bisa juji karnuka su ja ta gida gida. In kaji sun fara faɗuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, a sanar da malamin dabbobi nan da nan. Wanda ya kwashi sauran ya ruga kasuwa don ya rage hasara, ya sani hasarar ya ɗauka ya kai gidan ɗan'uwansa.

MASU GARDAMA

Wani zai ce kakanninmu ba su yi duk wannan ba, kuma sun yi kiwo. Haka ne. Amma kajinsu bisa itace da katanga su ke kwana, gida da fili, kashi na faɗuwa rana na busarwa. Yau gidaje sun matsu, muna kulle kaji don ɓarayi, muna kuma sayen irin na zamani kamar Noiler, masu ci da yawa da kashi da yawa. Wanda ya canja kiwo tilas ya canja kulawa.

Wani kuma zai ce, ai maƙwabcina ya share, amma annoba ta zo ta kwashe nasa. Wannan ma gaskiya ne, ba kuwa zan ce tsintsiya na tsare Nukasil ita kaɗai ba. Wannan sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana yin wani irin rigakafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jimirin zafi. Ɗigo guda a ke sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata 3 ko 4, kuma a yi tun kafin hunturu ya kama. Amma ɗigon nan ba ya kashe ƙuma, ba ya hana kashin jini, ba ya kore wari. Kazar da ƙwari suka tsotse ma ba ta karɓar rigakafi yadda mai lafiya ke karɓa. Biyun tare su ke tafiya.

A nan ina roƙon sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Jibiya ya riƙa tura malaman dabbobi unguwa unguwa da kaka, a tara kajin mutane a yi musu ɗigon rana ɗaya, don kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. In sun zo kuwa kada su tsaya a ƙofar gida, su nemi izini su ga akurki.

LADAN MAI SHARA

Ga wanda ke ganin aikin banza ne, to, abin da ka kwashe kuɗi ne. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa, shi ya sa masu lambu da masu noman rani a madatsar ruwa ta Jibiya ba su raina shi. Sai dai ɗanyensa na ƙona shuka. A tara shi tare da tsohuwar shimfiɗa a rami nesa da akurki da rijiya, a ɗan yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa, ya yi kamar wata 3. In ya yi baƙi ya daina wari ya nuna, a kai gona. A wannan zamani na tsadar takin zamani, mai kaji goma da ke zubar da wannan a kwata bai san abin da ya ke zubarwa ba.

Kafin in baro Daddara mun fasa ƙofar akurkin abokina mun faɗaɗa ta, muka kwashe abin da ya cika baro biyu, muka yaɓe, muka zuba ɓuntu. Na ce masa tun da shi ma'abucin alƙalami ne, ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar shara, da ranar ɗigo, da yawan ƙwai, da abin da ya mutu. Ku ma akawuna da malamai ku yi haka, bayan shekara littafin zai gaya muku ko ni ke da gaskiya.

Kai kuwa da ke shirin fara kiwo bana, ran Lahadi in ka shiga kasuwa, fara biyawa ta wurin masu tsintsiya. Kaji ba za su ƙare ba, suna nan wani mako. Gobe da safe kuma kowane maigida ya daure ya tsuguna a bakin akurkin gidansa ya shaƙa sau ɗaya. Hancinsa zai gaya masa sauran.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.